Ɓeran da Babu Shi a Ƙamus

Shekara talatin da ɗaya Jan Biro ya yi yana aiki a maɗaba'a, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda da wata takarda a kallon farko ba. Aikinsa duba rubutu kafin a buga. Teburinsa yana can ƙurya, bayan babban injin, inda ƙarar ƙarfe ba ta barin mutum ya ji ana kiransa. Littafin makaranta ne, kalanda ce, ko 'yar takardar da ake liƙa wa kwalbar magani, sai ta bi ta hannunsa. Yakan ɗora rula a ƙarƙashin layi ya bi shi harafi-harafi, in ya kai ƙarshen shafi ya sake farowa daga ƙasa zuwa sama, don a cewarsa kuskure ya san hanyar da ake bi a zo nemansa. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan biron da ba ya rabuwa da aljihunsa, sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Da ya yi ritaya ya bar aikin, amma aikin bai bar shi ba. In maƙwabci ya gaishe shi da fara'ar da ta wuce ta jiya, sai ya wuni yana neman dalili. In aka ba shi magani a asibiti, sai ya karanta takardar ciki sau biyu kafin ya haɗiye ƙwaya ɗaya. Ko agogon bangon falonsa bai amince da shi ba sai ya gwada shi da na rediyo.

Uwargidansa, wadda ta yi shekara arba'in tana haƙuri da wannan hali, takan ce masa, "Malam, zato fa zunubi ne."

Shi kuma ya ce, "Ni ba zato nake ba. Dubawa nake."

Mutum ɗaya ne ya iya zama da shi kullum ba tare da sun ɓata ba, wato ƙanin Uwargida, wanda kowa ke kira Auta duk da furfura ta cinye masa kai. Auta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a bakin titin da ya bi ta bayan gidan waya. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa biyu suna nesa. Bai yi zurfi a makaranta ba, Turancinsa na bayan kwali ne da na rediyo. Duk da haka, kowace la'asar sai ya zo gidan yayarsa, su fito da ɗan tebur baranda, su baje allon wasan jera kalmomin Turanci. Kowa ya zura hannu cikin jaka ya ɗebi haruffa bakwai, ya haɗa kalmar da zai iya. In an yi gardama, alƙali shi ne wani matsakaicin ƙamus mai shuɗin bango da ke zaune a gefen tebur. Babban ƙamus ɗin da Jan Biro ya yi aiki da shi na maɗaba'a ne, can ya baro shi.

Shekara shida suna wannan wasa, kuma a cikin wasa goma Jan Biro ke cin tara. Auta ba ya damuwa. Ya yi dariya, ya shanye shayinsa, ya ce gobe ma rana ce.

Ran wata Talata, wasa ya yi nisa, Auta ya daɗe yana kallon haruffansa, ya kawo su dab da hancinsa, sannan ya jera guda shida a kan allo: AGOUTI.

Jan Biro ya gyara zaman tabarau. Ya karanta daga hagu, ya karanta daga dama.

"Mene ne wannan kuma?"

"Aguti," in ji Auta. "Wani irin ɓera ne, Yaya. Na Kudancin Amurka."

"Ɓera."

"Babba. Ya kusa zomo."

"Auta, wannan ba Turanci ba ne, atishawa ce. Haruffa ne suka cushe maka ka rasa yadda za ka yi da su, ka zubo su, sannan ka kai ɓeran can ƙarshen duniya inda ba mai zuwa ya tambaya."

"Duba mana."

Jan Biro ya lashi yatsa ya buɗe ƙamus. Ya bi shafin da rula kamar yadda ya saba, ya sauka, ya hau. Babu. Ya juya littafin ya tura wa Auta, fuskarsa ɗauke da irin murmushin wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

Auta bai ko kalli shafin ba. Ya kwashe haruffansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce a hankali, "Akwai shi, Yaya. Na sani."

"A ina ka sani?"

Auta ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, "Kai ke da wasa."

Wannan shirun ne ya tsaya wa Jan Biro a rai. Ya san Auta tun yana ɗan saurayi mai rako yayarsa kasuwa. In Auta ya yi ƙarya don wasa, dariya ke tona shi tun kafin ya ƙarasa magana. Yau kuwa ba dariya, kuma ya tafi bai ƙarasa shayinsa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari da hantsi Jan Biro ya sa hularsa ya nufi laburaren gari. Matar da ke kula da ɗakin karatu ta nuna masa wani ƙaton ƙamus da aka ɗora a kan teburinsa na musamman, don ba ya ɗaukuwa da hannu ɗaya. Ya buɗe yana fatan kada ya samu. Sai ga kalmar kwance a wurinta, harafi shida cif, ba ƙari ba ragi: dabba ce dangin ɓera, mai dogayen ƙafafu da guntun wutsiya, ana samunta a dazukan Kudancin Amurka da maƙwabtanta. Ya karanta sau uku. Ya nemi a kawo masa wani ƙamus na daban, ko wannan kuskuren bugu ne. Nan ma tana nan. Ya ciro ɗan littafin aljihunsa ya kwafe ta da jan biro, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Wani da ya ga haka sai ya je ya ba ƙanin matarsa haƙuri, magana ta wuce. Jan Biro kuwa a bakin ƙofar laburaren wata sabuwar tambaya ta kama shi. Shi da ya ci shekara talatin da ɗaya cikin kalmomi bai taɓa gamuwa da wannan ba, to ina Auta ya tsince ta? Lallai akwai mai ba shi satar amsa.

Ya fara da waya. Da la'asar ya nemi aron wayar Auta wai tasa ba caji, ya juya ta gaba da baya. 'Yar ƙaramar waya ce mai maɓallai, ko hoto ba ta ɗauka. Ya koma kan babbar 'yarsa, malamar makaranta, ya kira ta ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya tambaye ta ko kawunta na yawan kiranta kwanan nan. Ta ce, "Baba, lafiya? Rabona da jin muryar Kawu tun watan jiya." Har Uwargida bai ƙyale ba. Tana tsintar shinkafa ya tsaya a kanta ya ce, "Aguti," yana kallon ƙwayar idonta.

Ta ɗago ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Mura ce?"

Daga nan sai ya koma duba Auta kamar yadda yake duba shafi. Bai gaya masa ya je laburare ba. Ya zuba ido kawai, kuma abubuwa suka fara fitowa. Auta, wanda a da ake saita agogo da isowarsa, yanzu yakan makara da minti ashirin. Hannuwansa, da suka saba da man agogo da ɗan hantsaki, sun yi kaushi, har da kanta a tafin dama. Wani wari na maganin wanke ƙasa yana tashi daga rigarsa. Agogon hannun da Jan Biro ya ba shi gyara mako uku da suka wuce har yau bai dawo ba, kullum sai ya ce saura kaɗan. Ga kuma yadda yake kawo haruffa dab da fuska yana ƙanƙance ido, kamar mai karanta wani abu da ya ɓoye a tafin hannu. Sau biyu Jan Biro yana cewa, "Buɗe hannunka mu gani," Auta ya buɗe, ba komai.

Ran Litinin da safe ya je shagon. A rufe. Gizo-gizo har ya yi saƙa tsakanin kwaɗon da ƙofa. Mai gyaran takalmi da ke maƙwabtaka da shagon ya ce, ba tare da ya ɗago daga ɗinkinsa ba, "Ai ya kai wata biyu bai buɗe ba."

"Ina yake zuwa?"

"Ni dai takalmi nake gyarawa, ranka ya daɗe."

A hanyar komawa gida Jan Biro ya jera zato kala-kala. Ko Auta ya ɗauki malami ne yana koya masa Turanci a ɓoye, don ya kunyata shi a gaban matarsa? Ko ya faɗa hannun miyagun abokai da tsufansa? Ko wata mace ce? Kowanne ya ɗauka sai ya ga ya yi daidai ta wani gefen, ya goce ta wani. Malamin Turanci ba ya sa hannu kanta, mace kuma ba ta warin maganin wanke ƙasa.

Da gari ya waye ya ce wa Uwargida zai je a duba masa tabarau. Ya tsaya bayan wata bishiya a tsallaken gidan da Auta ke haya, jarida a hannu. Ƙarfe bakwai saura Auta ya fito da 'yar leda, ya hau bas. Jan Biro ya bi ta ƙofar baya ya zauna a kujerar ƙarshe, ya buɗe jarida ya rufe fuska. Ashe wahalar banza ya yi. Sau ɗaya Auta ya waiwayo, idonsa ya bi ta kan jaridar da mai jaridar ya wuce kamar bai ga kowa ba.

Bas ta ratsa kasuwa, ta wuce asibiti, ta fita bayan gari. A tashar ƙarshe Auta ya sauka ya shiga wata ƙaramar ƙofa a jikin doguwar katanga, mai gadi ya ɗaga masa hannu kamar wanda ya saba. Jan Biro ya ɗaga kai ya karanta allon da ke saman babbar ƙofa. Gidan namun daji ne.

Sai da ya jira aka buɗe wa baƙi, ya yanki tikiti ya shiga. Ya wuce birai, ya wuce jimina, ya wuce wani tsohon zaki da ke barci ya juya wa duniya baya. Can ƙarshe, inda aka jera kejin ƙananan dabbobi a ƙarƙashin inuwa, ya hango wani mutum cikin koren kayan aiki da takalmin roba, ya sunkuya da tsintsiya da bokiti. Furfurar ya fara ganewa.

A jikin kejin an kafa allo fari, an rubuta da manyan baƙaƙen haruffa, kowanne ya kai tsawon yatsa: AGOUTI. A ciki kuwa ga dabbar nan zaune a kan ƙafafunta na baya, ja-ja-ja da ita, gashinta na sheƙi, ta riƙe wani ɗan itace da hannuwa biyu tana gurgura, tana kallon Jan Biro ta gefen ido.

Ya daɗe a tsaye. Daga ƙarshe ya yi gyaran murya.

Auta ya miƙe, ya matso har bakin wayar kejin, ya ƙanƙance ido. Da ya gane ko wane ne, sai ya jingine tsintsiyar.

"Yaya? Me ya kawo ka nan?"

"Kalmar tana nan," in ji Jan Biro. "Na duba a laburare."

"Na san tana nan. Ni nake share mata kashi kowace safiya." Muryar Auta ta canza. "Biyo ni ka yi?"

Jan Biro ya naɗe jaridarsa.

"Biyo ni ka yi kamar ɓarawo. A kan wasa. Shekara shida kana cinye ni ban taɓa cewa ka buɗe hannunka ba."

"To me ya sa ka rufe shago ba ka gaya wa kowa ba?"

Auta ya ajiye bokitin, ya fito daga kejin ya ja ƙofa ya sa sakata, suka zauna a kan wani bencin siminti.

"Ido ne, Yaya. Tun bara nake ganin kamar an shafa wa duniya man shafawa. Wata rana wani ɗan sukuru ya faɗo mini a kan tebur, na yi kusan awa ina lalube, mai agogon yana tsaye, sai shi ya nuna mini da yatsa. Yana gabana. Mutumin ya ɗauki agogonsa ya tafi. A ranar na rufe. Wani da nake yi wa gyara shi ya samo mini nan. Tsintsiya ba ta neman ido mai kyau." Ya nuna allon da haɓa. "Waɗannan ne kaɗai rubutun da nake iya karantawa ba wahala. Kullum da safe sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ran nan na ga haruffan sun zo mini a hannu, na ce yau dai bari in ci Yaya sau ɗaya da abin da bai sani ba."

"Ka je asibiti?"

"In je su ce mini na makance? Gara in zauna ban sani ba." Ya juyo. "Kada ka gaya wa Yaya Babba, matarka. Ka san hawan jininta. Ka yi mini alkawari."

Jan Biro ya yi alkawari. A bas ɗin komawa ya ajiye jaridar a cinya bai buɗe ba. Mako guda yana kallon mutumin nan yana kai haruffa har bakin hancinsa, ya lura da kanta, ya lura da wari, ya lura da minti ashirin, amma ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa gani ne ba ya yi ba.

Alkawarin bai kwana uku ba. Uwargida ta shekara arba'in tana zaune da mai dubawa, ita ma ta koyi sana'ar. Tun a ranar ta sunsuna takalminsa ta ce, "Wurin masu tabaran nan awaki suke kiwo?" Washegari tana wanki ta tsinci tikiti a aljihun rigarsa. Ta shanya shi a kan tebur, ta zauna ta naɗe hannu.

"Malam, da tsufanka, kai kaɗai, gidan namun daji. Kuma kwana biyu ke nan Auta bai tako gidan nan ba. Me kuke ɓoye mini?"

"Zato zunubi ne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka faɗa mini ko in sa mayafina in je in tambayi zakin."

Mutumin da ya ƙware wajen kama ƙarya ashe bai iya yin ta ba. Ya fara wata magana a kan tsohon abokin aiki, ya sarƙe a tsakiya, ya ga ba mafita, ya zayyana mata komai. Ba ta yi kuka ba, jininta kuma bai hau ba. Ta ce, "Ku maza, in kun tashi wauta ba ku da na biyu." Ta sa takalmi ta tafi gidan ƙaninta, ta dawo da shi kafin magariba kamar yadda take jawo shi daga wurin wasa suna yara. Auta ya shigo bai kalli Jan Biro ba. Ya gaishe shi a taƙaice, ya zauna can nesa.

Jan Biro ne ya raka shi asibitin ido, duk da Auta ya ce ba ya buƙatar ɗan rakiya mai bin mutane a ɓoye. Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta haska idon ta ce yanar ido ce, ta rufe duka biyun, kuma aikin cire ta ba ya kai awa ɗaya. Jan Biro ya tambaye ta sau nawa ta taɓa yin irinsa. Ta ce ta daina ƙirgawa. Ya ce wannan ba amsa ba ce. Ya tambayi inda ta yi karatu, ya tambayi wanda ke wanke kayan aikin, ya nemi ganin kwalbar maganin da za a ɗiga. Auta ya rufe fuska da hannu ya ce, "Likita, ki yi haƙuri, haka muke fama da shi a gida." Ita kuwa ta amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ta kawo masa kwalbar.

Aka fara da idon dama. Ranar da za a cire bandejin, Uwargida na tsaye a gefe ɗaya, Jan Biro a ɗaya gefen ya sunkuyo har numfashinsa na taɓa kunnen likita. Auta ya buɗe ido a hankali, ya ƙifta, ya kalli rufin ɗaki, ya kalli yayarsa, sannan ya tsaya a kan mijinta ya ƙura masa ido.

"Yaya," ya ce, "ashe haka ka tsufa?"

Jan Biro ya miƙe tsaye ya dubi likita. "A sake duba idon nan. Akwai kuskure."

Dariyar da Auta ya yi har sai da likita ta ce ya bari kada ya ɓata mata aiki. Daga ranar gabar ta mutu, ba tare da kowa ya furta kalmar haƙuri ba.

Idon hagu bai zo da sauƙin na dama ba. Bayan an cire yanar aka tarar da wata cutar a can ciki wadda ta riga ta yi ɓarna, sai haske da inuwa kawai yake gani da shi. Da ido ɗaya Auta ya sake buɗe shagon, amma na bango da na tebur kaɗai yake karɓa, ƙananan na hannu ya bar wa masu sabon ido. Kuma da rana yake buɗewa, don aikin safe ya ƙi bari. Yayarsa ta yi faɗan har ta gaji. Ya ce dabbobin sun saba da shi, kuma shekara arba'in ya yi a zaune cikin ɗaki mai faɗin tabarma biyu, yanzu ne ya san akwai iska a gari.